ZARE: Daga kaset zuwa memori, yadda aka yi "masta" ta ɓace a harkar fim 🧵

1/ Zaren yau na tarihi ne, na masu kamara da editoci da duk wanda ya taɓa danna fomat gabansa na faɗuwa. Me ya sa ba a zare memori daga kamara a hau editin kawai? Daga ina wannan aikin na kwafa da tantancewa da juya fayil ya samo asali? Da ɗan tsawo fa, ku gyara zama.

2/ A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗar bidiyo ta farko da gidajen talabijin suka rungume. Zaren kaset ɗinta faɗin inci 2 ne. In za a yi editin, reza ake sawa a yanka shi a liƙe. Hoton kuma ido ba ya ganinsa a jikin zaren, sai an shafa wani ruwa mai garin ƙarfe kafin a gane inda za a yanka.

3/ Zaren nan tsada gare shi, don haka gidajen talabijin kan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. BBC ta yi haka da shirye-shirye masu yawa, har da sassan Doctor Who na shekarun 1960.

4/ Ga abin daɗin: a 2013 aka sanar cewa an gano sassa 9 na Doctor Who da BBC ta rasa. A ina? A Jos. Eh, Jos ɗinmu ta Filato, a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin. Kwafi ne na fim da aka aiko tun lokacin, ya yi shekaru yana shan ƙura a kan kanta ba wanda ya taɓa shi.

5/ Ku riƙe wannan maganar ta kanta, a kanta zaren ya doru. Abin da aka naɗa a fim ko kaset, in dai ba wanda ya tashi takanas ya goge shi, yana nan. Mantawa da shi ma ajiya ce.

6/ Daga nan kaset ya yi ta ƙanƙancewa. Sony ta kawo U-matic a 1971, JVC ta kawo VHS a 1976, Betacam ya zo a 1982. VHS ɗin ne ya buɗe mana ƙofa: Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage na 'yan kudu.

7/ Editin ɗin wancan zamani da bidiyo biyu ake yi, ɗaya na kunnawa ɗaya na ɗauka. Ka jera sin na farko, na biyu, na uku. Ka kai na talatin sai darakta ya ce a tsawaita na biyar? To sai dai a sake daga na biyar har ƙasa. Kuma duk kwafin da aka yi daga kwafi, hoto na ƙara dusashewa. Shi ya sa kalar wasu tsofaffin finafinanmu take kamar an wanke da omo.

8/ A can ne kalmar masta ta samu daraja. Masta ita ce kaset na asali, daga ita ake buga sauran da za su shiga kasuwar Ƙofar Wambai. Wanda ke riƙe da masta shi ke riƙe da fim.

9/ Sai kwamfuta ta shigo. Avid a 1989, Adobe Premiere a 1991, Final Cut Pro na Apple a 1999. Yanzu kana iya ɗaga sin daga ƙarshe ka kai farko ba ka taɓa sauran ba. Matsalar ita ce: ta yaya hoton da ke kaset zai shiga kwamfutar?

10/ Amsar da ta yi tashe ta zo a 1995: tsarin DV, da ƙaramin kaset MiniDV, da wayar FireWire. Ka jona kamara da kwamfuta, ka kunna kaset, kwamfuta tana sha. Wannan shi ne kafca. Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya cur zai ci, ba gaggawa ba roƙo. Ka yo kaset 20 daga lokeshan, ka san awa 20 na jiranka kafin ka yanka komai.

11/ In NEPA ta ɗauke wuta ana minti na 50, sai ka ce Innalillahi ka mayar da kaset baya 😅

12/ Amma wahalar nan tana da amfanin da ba a gane ba sai da ta tafi. Dole edita ya kalli duk abin da aka ɗauka, don yana zaune yana gadinsa. Kafin ya fara aiki ya san fim ɗin ciki da bai. Yau mutum zai kwafe awa 10 cikin minti 40 bai ga ko firem ɗaya ba.

13/ Awa ɗaya ta DV tana cin kusan giga 13, a lokacin da hardisk ke da tsada. Dabarar manyan ɗakunan editin tun zamanin Avid na farko ita ce: a shigar da hoto mara nauyi, a gama yanka da shi, sannan a dawo da kaset ɗin, manhaja ta bi lambar lokaci ta ɗebo wuraren da aka yi amfani da su kaɗai a cikakken inganci.

14/ Lambar lokacin nan, taimkod, kowane firem da tasa: awa, minti, sakan, firem. Sunan kaset da taimkod su ne adireshin hoto. Ko hardisk ya ƙone ƙurmus, in kana da fayil ɗin furojet da kaset ɗinka, ka sake kafca fim ya dawo yadda yake.

15/ Yanzu mu shiga memori. Wani injiniyan Toshiba, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro ma'adanar filash a shekarun 1980. Sunan ma abokin aikinsa ne ya raɗa, wai yadda take goge bayanai farat ɗaya ya tuna masa da walƙiyar filashin kamara. Tun ranar suna, da gogewa aka san ta.

16/ CompactFlash ya fito a 1994 daga SanDisk. SD kuma a 1999 aka sanar da shi, haɗin gwiwar SanDisk da Panasonic da Toshiba. Da farko na hoto ne da waƙoƙi, ba su da gudun da za su ɗauki bidiyon ƙwararru.

17/ A 2004 Panasonic ta fito da katin P2. In ka buɗe cikin na farko-farko, SD guda 4 ne aka haɗa suna aiki tare don gudu ya ninka. Ƙarshen 2005 kamarar HVX200 ta zo, ƙarama, tana ɗaukar HD a kan P2. Masu ƙaramin jari suka rude.

18/ Sai lissafi ya biyo baya. A cikakken inganci, minti ɗaya na cin kusan giga ɗaya. Katin giga 8, minti 8 ke nan. Kuɗinsa kuma ya haura dala dubu. Wa zai sayi 30 ya jera a kanta kamar kaset? Biyu ko uku za ka saya. Ɗaya na cikin kamara, ɗaya na wurin mai laftof yana juyewa, a goge, a mayar.

19/ A nan ne masta ta mutu, ba a yi mata ko zaman makoki ba. Kaset ana cika shi a ajiye. Memori ana cika shi a goge, wani lokaci sau da yawa a rana ɗaya. Abin da zai zama asalin fim ɗin yanzu kwafi ne, wanda wani yaro ya yi a gefen lokeshan, cikin rana da ƙura, ana yi masa ihu ya yi sauri.

20/ Duk manhajojin da za mu ambata daga nan, wannan ramin suka zo cikewa.

21/ Matsala ta farko: abin da ke cikin katin ba "bidiyo" ba ne yadda muka saba. Buɗe P2 ka ga folda CONTENTS, a cikinta VIDEO daban, AUDIO daban, CLIP daban, ICON daban. Hoto na gida ɗaya, murya na wani gida, takardar da ta ɗaura musu aure na gida na uku. Sunayen fayil kuwa lambobi da haruffa ne marasa ma'ana.

22/ Mutane da yawa suka yi abin da hankali zai ba kowa: suka kwashe foldar VIDEO kawai, suka yi fomatin. Aka zo editin, ga jarumi na ta motsa baki, murya ta tafi har abada.

23/ Kowane kamfani kuma da nasa tsarin. Sony ta kawo EX1 da katin SxS a 2007, foldarta BPAV. AVCHD na Sony da Panasonic, 2006, sai ka ratsa PRIVATE, AVCHD, BDMV, STREAM kafin ka ga fayil. Daga nan dokar farko ta harkar ta fito, kuma har gobe tana aiki: kwafi katin gaba ɗayansa, kar ka zaɓa, kar ka canja sunan komai a ciki.

24/ Akwai dalili na biyu. Tsarin FAT32 da katunan lokacin ke amfani da shi ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4. In ɗauka ta yi tsawo, sai kamara ta daddatsa ta gida-gida, wani lokaci rabi a wannan kati rabi a wancan. Ƙananan fayilolin nan da kake rainawa su ke gaya wa manhaja yadda za ta ɗinke su ba tare da an ji gaɓa ba.

25/ Masu bikin aure da wa'azi da taro sun fi kowa sanin wannan. Ka jera guntayen da hannu, sai ka ji murya ta ɗan yi tsalle daidai wurin haɗin. Sai da exFAT ya zo tare da SDXC a 2009 kafin iyakar giga 4 ta fara kaucewa, kuma kamarori sun ɗau shekaru kafin su bi.

26/ Apple ta ba da amsarta a Final Cut Pro 6, shekarar 2007, da taga mai suna Log and Transfer. Ka nuna mata katin, ta karanta tsarin foldar, ta nuna maka kowace ɗauka, ka sa suna, ka zaɓa, ta shigar. Sony na da XDCAM Transfer. Avid ta kawo AMA a 2009. Wato kafca ta dawo da sabon suna, sai dai yanzu ta fi sauri.

27/ Matsala ta biyu ta fi daɗin bayani. Don bidiyo ya shiga ƙaramin kati, dole a matse shi. Yawancin kamarori ba sa ajiye kowane firem cikakke. Suna ajiye ɗaya cikakke, sauran da ke biye kuma bambanci kawai ake rubutawa.

28/ Kamar littafin bashin mai shago ne. Ranar Litinin ya rubuta ana binka 5,000. Talata "ƙari 300". Laraba "ya biya 1,000". Alhamis "ƙari 150". Takarda ba ta ƙarewa da wuri, amma in ka tambaye shi nawa ne bashinka ranar Alhamis, sai ya koma Litinin ya taho da lissafi.

29/ In kallo kake daga farko zuwa ƙarshe, lafiya lau. Edita kuwa tsalle yake, gaba, baya, tsakiya, sau ɗari a minti. Kowane tsalle sai kwamfuta ta koma "Litinin". Shi ne hoton ke maƙalewa, fanka na kuka kamar injin markaɗe.

30/ Maganin: a juya fayil ɗin zuwa tsarin da kowane firem ke tsaye da ƙafarsa. Avid ta yi DNxHD a 2004, Apple ta yi ProRes a 2007. Kwamfuta ta huta, hardisk ya ɗau nauyin: ProRes 422 a 1080 na cin giga 60 da wani abu a awa ɗaya.

31/ A nan zan ɗan tsaya, don ana yawan ruɗewa. Juya fayil zuwa ProRes ba ya ƙara masa kyau. Abin da kamara ta zubar lokacin matsewa ya zube. Ka juye kunu daga kofi zuwa bokiti, kunun bai ƙaru ba, wurin motsa ludayi ne ya ƙaru.

32/ Sai Satumbar 2008, Canon ta sanar da 5D Mark II. Kamarar hoto ce, bidiyon kamar gyara aka ɗora. Wani mai hoto, Vincent Laforet, ya yi ɗan gajeren fim da ita mai suna Reverie, intanet ta ɗauka. Baya ya dushe, fuska ta fito, irin hoton da a da sai mai miliyoyi. A 2010 har kashin ƙarshe na zango na 6 na shirin House da ita aka ɗauka.

33/ Ita da ƙannenta irin su 7D da 550D su suka canja fuskar bidiyo a ko'ina, har da nan. Duk wanda ya bi finafinan Hausa da bidiyon waƙoƙi daga farkon shekarun 2010 ya ga lokacin da hoto ya sauya.

34/ Amma ta zo da kayan ciwon kai. In fayil ya kai giga 4, kimanin minti 12, sai ta tsaya. Ba ta da taimkod na kirki. Muryarta ba ta da kyau, sai an naɗa daban. Da farko ma firem 30 kawai take yi a sakan, alhali mu nan tsarin 25 muke bi saboda wutarmu mai bugu 50 ce. Sai a 2010 Canon ta saki gyaran da ya kawo 24 da 25.

35/ Kuma Final Cut na lokacin ba ya jituwa da fayil ɗinta. Wanda ya ceci jama'a wata ƙaramar manhaja ce ta kyauta, MPEG Streamclip. Ka zuba mata fayilolin yini, ka ce ta mayar ProRes, ka je ka kwanta. Da asuba ka duba ko ta gama, ko wuta ta yi halinta. Tsofaffin editoci, ku fito ku ba da shaida 😂

36/ Haɗa murya da hoto kuma PluralEyes ta zo da shi: ta saurari muryar kamara mara kyau, ta saurari ta rikoda, ta daidaita su da kanta. Yau Premiere da Resolve duk suna yi a cikin gida. Allon tafi da ake bugawa gaban kamara tun zamanin fim, aikinsa ke nan, kuma har yanzu ya fi komai tabbas.

37/ Wata masifar ta sunaye. Yi fomatin, wasu kamarorin su koma ƙirga daga farko: 00000.MTS yau, 00000.MTS gobe. Kamara biyu a lokeshan, kowace da nata C0001. Ka zuba su folda ɗaya, kwamfuta ta tambaya ko ta maye gurbi, mai gajiya ya danna eh. Ko kuma wata shida baya, furojet ya nemi fayil ya kamo na wata rana, amarya ta fito a tsakiyar sin ɗin kotu.

38/ Manyan kamarori irin RED da ARRI sun magance wannan da tsohuwar dabarar kaset: kowane kati da sunansa, A001, A002, harafin na kamara, lambar ta kati. Mai ƙaramar kamara shi zai yi wa kansa: folda da kwanan wata, da kamara, da lambar kati.

39/ Abin da ya ƙarasa kaset kuwa ba kamfani ba ne. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Japan a watan Maris 2011 ta lalata masana'antar Sony da ke yankin Sendai, inda ake yin kaset ɗin HDCAM SR da manyan gidajen talabijin da Hollywood suka dogara da shi. Kaset ya yi wuya. Masu jan ƙafa da yawa suka koma fayil dole, kuma ba su dawo ba.

40/ Yanzu babbar tambaya: ta yaya ka san kwafin da ka yi daidai yake da abin da ke kati? Jan folda ka saki ba ya duba wannan. Kamar tirela ce ta kawo buhu 100, aka ƙirga sun cika, aka sallami direba, ba wanda ya soka ya ga masara ce ko yashi. Waya mai lasin, kad rida na bogi, tashar USB da ta gaji, duk suna iya lalata fayil girmansa bai canja ba.

41/ Manhajojin juye kati irin su ShotPut Pro, Silverstack, da Hedge da yanzu ake kira OffShoot, abin da suke sayarwa ke nan. Suna karanta fayil ɗin kati su fitar da wata lamba daga cikinsa, kamar zanen yatsa. Su karanta kwafin su fitar da tasa. Ko ɗigo ɗaya ya canja, lambobin ba za su zo ɗaya ba.

42/ Lissafin ma ba don fim aka yi shi ba. MD5 na Ron Rivest ne, masanin tsaron bayanai, farkon shekarun 1990. Daga baya aka fi son xxHash don ya fi gudu. Manhajar za ta rubuta zuwa hardisk biyu ko uku a lokaci guda, ta ba ka rahoto. A manyan ayyuka ba a goge kati sai rahoton nan ya fito.

43/ Kafin wani ya ce "mu ina muka ga dala": DaVinci Resolve na kyauta yana da Clone Tool a shafin Media, kuma aikin nan yake yi. Yana cikin kwamfutocin editoci da yawa ba su taɓa buɗe shi ba. Ni a ganina wannan ya fi kowace sabuwar kala da ake yayi muhimmanci.

44/ Aikin har ya zama sana'a mai suna, DIT, ko mai kula da data. A babban fim mutum ne da tebur da na'urorinsa, ba ya ɗaukar fitila, ba a aikensa sayo ruwa. A ƙananan ayyuka, nan da ko'ina, akan miƙa wa wanda ya fi kowa ƙanƙanta. A lissafa: kuɗin jarumai, mota, abinci, hayar gida, janareta, duk na wannan yinin suna cikin abu kamar ɗan yatsa a aljihunsa.

45/ Ƙa'idar 3-2-1 da ake yawan faɗa, mai hoto Peter Krogh ne ya yaɗa ta: kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya a wani wuri daban. Folda biyu a hardisk ɗaya kwafi ɗaya ne. Hardisk biyu a jaka ɗaya a bayan acaɓa ɗaya ma, kusan haka.

46/ Ko Pixar ta taɓa ɗanɗanawa. A 1998 wani umarni na kuskure ya share mafi yawan fayilolin Toy Story 2, aka je ga ajiyar ko-ta-kwana aka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai. Abin da ya cece su kwamfutar wata ma'aikaciya ce, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda ta haihu.

47/ Akwai abin da tantancewa ba ta kamawa, kuma ya cika kasuwanninmu: memorin bogi. An rubuta 128 a jiki, kwamfuta ma ta ce 128, ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba. Kamara za ta yi ta ɗauka ba ƙorafi, bayanan na bin iska. Kwafinka zai zo daidai da kati, shara daidai da shara. H2testw kyauta ce, tana cika kati ta karanta ta faɗi gaskiyarsa. A gwada a gida kafin ranar ɗaurin aure.

48/ In kuma an riga an yi fomatin bisa kuskure, a cire katin nan take, kar a ɗauki ko hoto ɗaya. Sau da yawa jadawalin kawai aka share, bayanan na nan sai an rubuta wani abu a kansu, kuma irin su PhotoRec kan ceto wasu. Na ce wasu. Akwai kamarori da katunan zamani da in sun goge, sun goge.

49/ To juya fayil fa, ya wuce? A 2010 Premiere CS5 ya zo da injin da ke kunna fayil ɗin DSLR yadda yake, kuma wannan na cikin abin da ya ja mutane gare shi, musamman bayan Apple ta birkita masoyanta da Final Cut Pro X a 2011. An ɗauka an huta.

50/ Sai 4K ya zo, sai H.265, sai duron, kamarori suka sake tsere wa kwamfutoci. Me aka yi? Aka koma dabarar lamba 13: furoksi. Manhaja ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, ka yanka da su, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Premiere ta sa shi a cikin gida a 2016. Da shi laftof ɗin tokumbo ke iya aikin 4K.

51/ Sharaɗinsa ɗaya: suna da tsawo da murya na furoksi su dace da na asali. Wanda ya canja sunaye a tsakiyar aiki zai gane kurensa ranar fitarwa.

52/ Masu waya, kar ku ce ba ruwanku. Waya kan canja yawan firem tana cikin ɗauka, in haske ya ragu ko ta yi zafi. Shi ya sa a doguwar hira baki da murya ke rabuwa sannu a hankali in an kai kwamfuta. HandBrake ko Shutter Encoder na daidaita shi. Kuma bidiyon da aka turo ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi, kwafin kwafi ne irin na zamanin VHS. A tura a matsayin dokumen.

53/ Saura tambayar da ta fi damuna: bayan an gama fim, ina asalin yake zama? Ku duba tsofaffin finafinan Hausa a YouTube, da yawa daga kaset ko faifan CD na kasuwa aka ciro su, da tambarin wani a kusurwa. Na zamanin kaset ke nan, da ke da masta. Na zamanin memori fa, da hardisk ɗinsu ake sharewa don sabon shiri mai dogon zango na buƙatar wuri?

54/ Hardisk ba ya son zaman durowa, yana iya ƙin tashi bayan shekaru. SSD da memori ma in sun daɗe ba wuta suna iya fara zubar da abin da ke ciki. Ba ɗayansu da zai yi irin zaman da gwangwanayen Jos suka yi.

55/ Manyan kamfanonin fim da gidajen talabijin, kun san a kan me suke ajiye asalin aikinsu yau? Kaset. Sunansa LTO, tun 2000 ake yinsa, na ƙarni na 9 yana ɗaukar tera 18, kuma masu yinsa na cewa zai kai shekara 30 in an adana shi da kyau. Manhajojin juye katin nan da yawa suna da hanyar rubutawa kansa. Kaset ɗin bai da tsada sosai, na'urar karanta shi ce ke cin dubban daloli, kuma kamfani biyu kacal suka rage a duniya suna yin zarensa, Fujifilm da Sony.